Wa ya taɓa yin gwajin tuƙin mashin na ƙwararru? Don Allah ina neman shawara

Sadiqu_TudunWada

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar mashin ciki da bai. Wata ƙungiya ce mai harkar lafiya take ɗaukar masu mashin da za su riƙa kai magani da samfurin jini tsakanin ƙananan asibitocin karkara da cikin gari, na cike takarda kuma Alhamdulillahi sunana ya fito, to amma sun ce kafin su damƙa wa mutum makulli sai ya ci wani gwaji nasu wai na ƙwararru, daban da wanda ake yi wajen VIO lokacin karɓar lasin. Ni lasin ɗina na kilas A yana nan bai mutu ba, wannan ba matsala.

Abin da suka rubuto a takardar kashi uku ne, duba mashin kafin a tashi, sai tuƙi a fili tsakanin robobin nan masu tsini, sai kuma a fita titi mai gwajin yana biye da kai a baya da nashi mashin ɗin. Wai malamin tsarin 'yan sandan Ingila yake bi. Wata mai kamawa ne gwajin.

Ni dai tun ina sakandare nake kan Boxer, daga Tudun Wada zuwa Kawo babu lungun da ban sani ba, amma gaskiya wannan maganar ta mutum ya biyo ni a baya yana rubuta abin da nake yi ta ɗan tsaya min a rai. Me suke dubawa ne takamaimai? Me ya fi kayar da mutane? Kuma a ina mutum zai samu wurin atisaye a garin nan na Kaduna ba tare da an taru ana kallonsa ba? Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Dan_Rigasa

Wslm. Kai dan uwa kar ka bari su tsorata ka wlh. Mutumin da ya ratsa goslon Kasuwar Barci ranar jajiberin sallah da buhun shinkafa a baya ga mai buhun a zaune a kai, wane gwaji ne kuma zai gagare shi a duniyar nan?? Shekara da shekaru ina acaba, ni zan gaya maka, abin da suke son gani kawai zafin nama ne, ka nuna musu hannunka ya fada, in kaga kafa ka shige kar ka tsaya nuku nuku, in kun hau titi ka bashi wuta ka bar mai gwajin a baya yana nemanka shine zai san ya hadu da direba. Abu daya zan ja maka kunne, kar ka kuskura ka taba birkin hannu, wannan birkin shi yake kai mutane asibitin kashi, mu da yawanmu ma sassauta shi muke, birkin kafa ya isheka. Allah bada sa'a, in an dauke ka kar ka manta damu.

Baba_Sajan

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sadiqu yarona, Allah ya sa albarka a wannan nema. Ɗan Rigasa kuma Allah ya shirye ka, ai abin da ka lissafo ɗin nan kaf shi ne jerin abubuwan da ke kayar da mutum, in ya bi shawararka ko shataletalen Leventis ba za su kai ba mai gwajin zai ce su juya.

Ni aikin rakiya na yi a kan mashin har na yi ritaya, kuma na tsaya a bayan yara masu koyo, don haka bari in gaya maka abin da wanda ke bayanka yake gani. Ba ya ganin fuskarka, ba ya ganin zuciyarka. Hular kwanonka yake gani, da fitilar birkinka, da siginarka, da ƙafafunka, da kuma inda ka ajiye tayarka a kan kwalta. Daga waɗannan zai karanta ko kana tunani ko kuwa hanya ce kawai take jan ka. In hular nan ta tsaya cak tana kallon gaba tun daga tashi har sauka, ka faɗi ko da ba ka yi laifin komai ba, domin ya san ba ka san abin da ke bayanka da gefenka ba. Kafin ka tashi daga tsaye, kafin ka canza hannu, kafin ka shiga kwana, kafin ka fita daga shataletale, madubi tukuna, sannan waiwaye ta kafaɗa, gajere, ka dawo da ido gaba. Akwai wurin da madubi ba ya nunawa, daidai kafaɗarka, kuma nan ne ɗan'uwanka mai mashin ko mai Keke Napep yake maƙalewa. Ka sa waiwayen ya fito fili yadda na baya zai gani, kar ka yi shi da wutsiyar ido.

Sai maganar fili. Yaranmu sun iya gudu, tafiya a hankali ce ba su iya ba. Ka ce wa yaro ya yi tafiyar da mai tafiya a ƙasa zai jera da shi, nan take za ka ga ƙafa biyu sun sauko suna shara a ƙasa, kan mashin yana rawa. Sirrin abu uku ne a lokaci guda. Kuloci ka riƙe shi daidai inda ya fara kamawa, kar ka sake shi duka kar ka matse shi duka. Totur ka ɗan ɗaga shi ya zauna wuri ɗaya, injin yana ɗan gurnani. Gudun kuma da birkin ƙafa za ka daidaita shi, ka ɗora ƙafa a kai kaɗan yana ja. In ka haɗa ukun nan za ka ji mashin ya miƙe ya tsaya da kansa. Gwiwa ta rungumi tanki, hannu a sake. Da haka ake zana lamba 8 tsakanin robobi, da haka ake juyowa a titi ɗaya ba tare da an sa ƙafa ba. Kuma ka juya kanka gaba ɗaya ka kalli inda kake son zuwa, in ka kalli robar to robar za ka taka, in ka kalli kwata kwata za ka shiga, wannan babu makawa, mashin ido yake bi.

Yanzu birkin hannu. Abin da Ɗan Rigasa ya faɗa yana da asali, ba zan ce ƙarya ya yi duka ba. In kana tafiya a hankali kan mashin a karkace ka damƙi birkin gaba, ƙasa za ka sha. In ka fizge shi a kan yashi, haka. Daga nan tsoron ya samo tushe. Amma in kana gudu a miƙe kana son tsayawa, nauyinka da na mashin duk gaba yake komawa, tayar gaba ta danne kwalta, ta baya ta yi sakayau, to wacce ke da ƙarfin tsayar da kai? Ta gaba ce, ita ke yin mafi yawan aikin. Mai taka na ƙafa kaɗai tayar baya ce za ta kulle ta riƙa jan ƙasa tana wutsiya, shi yana jin ƙara yana zaton birki yake yi alhali tafiya yake. Matsa shi ake yi kamar mai tatsar lemo, a fara a hankali nauyi ya sauka gaba sannan a ƙara ƙarfi, ba fizga ba. Na ƙafa yana taimakawa kaɗan, kuloci a ƙarshe, ido a sama. Za su sa ka yi tsayawar gaggawa, babu shakka, kuma ranar gwaji ba ranar koyonta ba ce. Ka fara daga gudun 20, ka yi ta yi har hannunka ya saba, sannan 30, sannan 40.

Wurin atisaye, ka nemi filin makaranta ranar da babu ɗalibai ka roƙi mai gadi, ka jera gwangwanayen madara. Amma birki kar ka koye shi a filin ƙasa, ka nemi kwalta mai tsabta inda babu mutane, sabbin titunan wajen Millennium City bayan sallar asuba sun wadatar.

Injiniya_Malali

Baba Sajan Allah ya ƙara girma, ai ka gama magana, ni ɗan ƙari zan yi ta ɓangaren tsarin Ingilan da aka ambata tunda na zauna can lokacin karatu kuma na shiga irin wannan horon.

Malam Sadiqu, a can akwai ƙungiyoyi biyu da suka fi suna a wannan gwajin. Akwai IAM, wadda yanzu ake kira IAM RoadSmart, tun 1956 take. Akwai kuma RoSPA, su nasu sakamakon hawa uku ne, tagulla, azurfa, zinare, kuma duk bayan shekara 3 sai ka sake zama gwajin in kana son riƙe matsayinka. Ba dole ba ne a dokarsu, mutum yana da lasin ɗinsa yake zuwa don kansa. Dukkansu littafi ɗaya suke komawa gare shi, Motorcycle Roadcraft, wanda asalinsa koyarwar makarantar tuƙin 'yan sanda ce ta Hendon a Landan, shi ya sa da yawa cikin masu yi wa mutane gwajin 'yan sanda ne ko tsofaffin 'yan sanda. In malaminku ya ce tsarin 'yan sandan Ingila yake bi to kusan tabbas wannan yake nufi.

Zuciyar abin wani tsari ne da suke taƙaitawa da IPSGA, matakai biyar da kake bi duk lokacin da ka tunkari wani abu da zai iya zama haɗari, ko kwana ce ko mahaɗa ko motar da ta faka ko akuya. Farko labari, ka tattara shi da ido da madubi da kunne, ka kuma bayar da naka da sigina ko fitilar birki ko hon, kuma wannan ba ya yankewa har ka wuce. Sai wuri, ka koma inda ya dace a cikin layinka. Sai gudu, ka rage ya dawo daidai. Sai giya, ka sa wadda ta dace da gudun. Sannan wuta, ka ba shi ka fita sumul. Jerin shi ne muhimmi. Mu a nan abin da muka saba sai mun shiga tsakiyar kwana sannan mu tuna da birki, muna taka giya muna karkata duk a lokaci ɗaya. Su suna so ka gama rage gudu ka gama sa giya tun mashin yana tsaye a miƙe, ka shiga kwanar da totur a ɗan buɗe.

Sai dokar da suka fi ji da ita, kullum gudunka ya zama wanda za ka iya tsayawa a hannunka, cikin iyakar tazarar da idonka ya tabbatar babu komai. Ka yi lissafi mana, gudun kilomita 50 a awa kusan mita 14 kake ci duk daƙiƙa ɗaya. Kuma in ka ninka gudu sau biyu tazarar birki ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. A kwanar da ba ka ganin ƙarshenta akwai dabarar da suke koyarwa, ka kalli can inda bakin titin dama da na hagu suka yi kamar sun haɗe. In wurin yana matsowa gare ka kwanar tana ƙara tsukewa, rage. In yana tafiya daidai da kai gudunka ya yi. In ya fara guduwa gaba kwanar ta buɗe, ba shi wuta. A hanyoyin karkara da za ka riƙa bi da damina, ciyawa da dawa sun rufe gefen hanya, wannan dabarar za ta yi maka amfani fiye da cikin gari.

Amma fa hattara in za ka kalli bidiyonsu a YouTube, su hannun hagu suke bi, mu mun koma dama tun 1972, don haka komai sai ka juya shi. Su shataletale ta hagu suke shiga su ba na dama hanya, mu ta dama muke shiga mu ba wanda ke ciki, mai zuwa ta hagunmu. A kwana kuma, a wurinmu in kwanar dama ce kana ɗan matsawa wajen tsakiyar titi don ka hango nesa, in ta hagu ce kana komawa wajen bakin titi. To a nan ne nake cewa kar a haɗiye littafi ɗanye. Bakin titinmu yashi ne, musamman bayan ruwa, tsakiyar titi kuma ga mai tifa ya yanko kwana ya cinye rabin layinka. Su kansu sun ce tsira tana gaba da hange, in wurin da zai ba ka gani yana da haɗari ka bar shi ka rage gudu kawai. Malami mai hankali zai ba ka maki a kan hakan.

Tazara tsakaninka da na gaba daƙiƙa 2 a busasshiyar kwalta, in da ruwa ka ninka. Ka zaɓi falwaya ko allo, in motar gaba ta wuce shi ka ƙirga. Wani abin kuma da mutane ba sa zato, jan jiki ma laifi ne. In hanya a buɗe take ka tsaya kana 25 saboda tsoron mai gwaji zai rubuta ba ka da tabbas a kanka. Littafin dokokin hanya na 'yan Road Safety ya sa wa mashin 50, to inda hali ya yi ka kai 50 ɗin ka zauna a kai, kar ka haura.

Abin da ya fi taimaka min shi ne magana a cikin hula. Kana tafiya kana faɗin abin da ka gani da abin da za ka yi, da Hausarka, ga makaranta a dama yara za su iya fitowa, ga bas ta tsaya wani zai ɓullo ta gabanta, ga danshin gas a shataletale, na duba madubi, na matsa hagu. Da farko za ka ji kamar taɓaɓɓe, amma za ka gane yawan abin da kake wucewa ba ka gani ba. Kuma ka tambaye su tun wuri yadda za a riƙa nuna maka hanya, wasu da rediyo a kunne, wasu kuma siginar mai gwajin za ka riƙa gani a madubi. In ka ɓata hanya ba faɗuwa ba ce, ka ci gaba lafiya lau ka nemi wurin tsayawa, juyowar firgita ce ke kayarwa.

Sadiqu_TudunWada

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri, Baba na gode, Yaya Injiniya na gode ƙwarai. Ashe aiki ne ja a gabana. To ga wasu tambayoyin, na farko mashin ɗina babu madubi ko ɗaya, haka na saye shi hannu, kun san yadda ake cirewa. Na biyu maganar daƙiƙa 2 ɗin nan, a Ahmadu Bello Way fa in ka bar tazarar da ta kai tsawon tabarma mai Keke ya shige, wani ya bi bayansa, to ya mutum zai yi, ya yi ta ja da baya har ya koma gida? Na uku sun ce mashin ɗinsu za a yi amfani da shi ranar, ba nawa ba, kuma na hango su a harabar ofishin manya ne masu dogayen ƙafa irin na shiga daji.

Dan_Rigasa

Yauwa Sadiqu ka tambayo musu dai!! Ni ina girmama Baba wlh amma wannan karatun na Landan ne. Ka tsaya a shataletalen Station kana jiran a baka hanya kana waige waige ai sai magariba. Kuma ku da kuke maganar littafi, akwai littafin da zai gaya maka mai keke zai tsaya? Ni daga keyarsa nake ganewa, in naga kansa ya karkata yana leken bakin titi nasan fasinja ya hango, zai yanke ba sigina ba komai, tun kafin ya taka birki na bar bayansa. Mota a fake kuma tayar gaba nake kallo ba fitila ba, in taya ta fara juyawa fitowa zai yi. In naga inuwar mutum a kujerar direba nasan kofa zata iya budewa. Wannan a titi muka koya ba a aji ba.

Baba_Sajan

To ka gani Ɗan Rigasa, yanzu ka yi magana. Wannan da ka faɗa na ƙeyar mai Keke da tayar gaba, shi ne ainihin matakin farko da Injiniya ya ambata, kai dai ba ka san sunansa ba ne. Wallahi da za ka gyara birkin hannunka ka sa madubi ka daina cusa kai inda ba ka ga mafita ba, da kai ma ka ci gwajin nan. Sadiqu ka riƙe abin da ya faɗa, ka ƙara da ƙafafun mutane ta ƙarƙashin babbar mota in ta tsaya, da kuma wanda ke tsaye a mahaɗa yana kallon wancan ɓangaren, wannan bai gan ka ba, ɗan taɓa hon sau ɗaya ka sa yatsu a kan birki. Hon na sanarwa ne, ba na zagi ba.

Maganar tazara, eh za su shige. Bar su. Ka ɗan saki totur tazarar ta dawo, abin da ka rasa bai kai tsawon Keke ɗaya ba, kuma mai gwajin yana gani, ya san ba laifinka ba ne, abin da yake jira shi ne ya ga ko za ka hasala ka bi shi ka rama. Sannan yawancin shigar da ake yi maka kai ka gayyato ta, in ka lafe a bakin kwata ka ba da ƙofa. Ka zauna cikin layinka sosai, wajen inda tayar hagu ta motar gabanka take bi, direban yana ganinka a madubinsa kai ma kana hango gaba. Tsakiyar layi daidai kuma ka kiyaye shi wajen danja, nan motoci ke ɗigar da baƙin mai. In kun tsaya a danja kar ka manne wa bamba, ka bar wurin da za ka iya zamewa, giya ɗaya a ciki, ido a madubi har na bayanka ya tsaya. Kuma tirela ko tanka a bypass, kar ka taɓa shiga ta damarta in tana shirin kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke.

Shataletale ba a ce ka tsaya ka kwana ba. Tun daga nesa kake kallon hagu kana auna motocin ciki, ka rage ka sa giya biyu, ka iso daidai lokacin da kafa ta samu ka shige ba tare da ka sa ƙafa a ƙasa ba. Wanda ya iso a guje shi ne yake ƙarewa da tsayawa.

Oga_Bala_Bakanike

Salamu alaikum, na ga an zo layina. Sadiqu wannan na ukun da ka faɗa shi ya fi damuna, kar ka yarda ranar gwaji ta zama ranar farko da ka hau mashin ɗin nan, ka je ka roƙe su ko zagaye ɗaya ne a harabar, in sun ƙi ka nemi mai irinsa ka ba shi kuɗin mai. Dalili, mashinan acaba da yawa giyarsu duk ƙasa ake takawa, waɗannan manyan kuwa ɗaya ce a ƙasa sauran duk sama ake ɗagawa da yatsun ƙafa, furi tana tsakanin ɗaya da biyu. Ƙafarka ta saba, kana son ƙara giya sai ka taka ƙasa ka rage, injin ya yi kuka tayar baya ta yi tsalle a gaban mai gwaji. Na biyu birkin gabansu dis ne mai aiki da mai, ba irin shu ɗin da ka saba matsewa har hannu ya taɓa roba ba, wannan yatsa biyu ya ishe shi. Na uku tsayi, in ƙafarka ba ta kai ƙasa sosai ka koyi zamewa gefe ɗaya ka sauke ta hagu, ta dama tana kan birki. Tayarsu mai ƙuraje kuma ta fi son ƙasa, a jiƙaƙƙiyar kwalta sai da lallami.

Duba mashin kuma kar ka tsaya kana kallonsa kawai, ka taɓa kana faɗa da baki. Buɗe tanki ka ga fetur. Baƙin mai ka tsayar da mashin a miƙe a wuri mai daidai, ka zaro sandar ka goge ka mayar ka sake dubawa. Leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Cen ka ɗaga shi da yatsa a tsakiya, wasan ya zama kamar santimita 2 zuwa 3 sai dai in takardar jikin mashin ta faɗi wani abu daban, kar ya bushe kar ya yi tsatsa. Fitila babba da ƙarama, sigina huɗu, hon, fitilar birki ka gwada ta da hannu ka gwada ta da ƙafa daban daban, yawancin mashinan da ake kawo min ɗaya ce ke kamawa. Taya ka juya ta ka duba zane da tsagewa da ƙusa, iska kuma da geji ake aunawa taya tana sanyi, ba da bugun yatsa ba, masu faci da yawa cika ta suke ta yi tauri sai ka ji mashin yana tsalle birki ba ya kamawa. A gefen tayar akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, in ka ga 2319 sati na 23 ne a 2019, in ka nuna wa malamin wannan zai san ka zauna da masu abin.

Hular kwano ka ɗaure igiyar, yatsa biyu kawai ya shiga ƙarƙashin haɓa. Tun 2009 da aka tsaurara dokar hula har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka, har yau mutanenmu ɗora ta suke ba sa ɗaurewa. Ka nemi takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu da riga mai kauri, silifas ko ƙofar ba za su bar ka ka shiga ba, babbar riga kuma ka bar ta a gida saboda cen.

Madubi ka sayi mai dogon hannu, gajerun nan na gayu gwiwar hannunka kawai za su nuna maka, kuma ka lura wasu na dama zarensa a juye yake kar ka murɗe shi da ƙarfi ka lalata. Ka kawo min Boxer ɗin ranar Asabar kafin 9 in ɗaura maka in ɗaure birkin gaban, in shu ya cinye mu canza. Ɗan Rigasa kai ma ka kawo naka, kuɗin aiki na yafe, kaya dai ka saya.